Siminti a Gonar Aro

An karɓe gonar da nake nomawa a bayan Gidan Kwano, gefen Minna, saboda wani ƙarfe da ɗaliban jami'a suka kafa a cikinta. Ba a sare ni ba, ba a ƙona mini komai ba. Amma ranar da abin ya fashe na zauna a ƙasa tsakanin kunyoyin masara, addar wani a kan kafaɗata, na riga na sallama, na ce a nan za a gama da ni.

Ni ba ɗan Minna ba ne. Garinmu yana can cikin duwatsu, 'yan bindiga suka tashe shi. Abin da na gani a can ba zan faɗa ba. Na fito da matata da 'ya'yana mata biyu. Ƙanena bai fito ba. Muka zauna a wata makarantar firamare tare da sauran waɗanda suka tsira, ana kawo buhu a raba, wani lokaci ba a kawowa. Ni manomi ne, zaman jiran buhu yana kashe ni. Wani mai lodin doya a kasuwa ya ce in bi hanyar Bida, a ƙauyukan da ke bayan jami'a akwai masu ba da aron gona.

Wanda ya ba ni wani tsoho ne ɗan ƙasa, gajere, haƙoransa sun kusa ƙarewa. Ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Bai tambaye ni labari ba. Ya kama hannuna ya juya, ya duba tafin, ya ce in biyo shi. Ya nuna mini wani fili a gangare, daga wani baƙin dutse zuwa bakin kwazazzabo.

"Ka noma, ka ci," in ji shi. "Amma ba ka dasa itace. Ba ka yi gini, ko rumfa za ka yi, na kara ne. Ba ka binne komai a ciki, ko cibiyar jariri. In kaka ya yi, ka kawo dami ɗaya ƙofar gidana da rana, mutane su gani."

Na ce na ji. A garinmu ma haka ake aron gona. Duk abin da zai daɗe a ƙasa fiye da damina ɗaya, mai ƙasa ne kaɗai ke sa shi, don kada gobe jikan baƙo ya nuna ya ce kakansa ne ya kafa. Tsohon ya kuma ba mu wani ɗaki a bayan gidansa, inda da can suke ajiye irin doya.

Abin da ya bambanta wurin da garinmu shi ne, a nan ƙasa ta zama abin farauta. Ɗalibai suna ƙaruwa, ana ta gina musu ɗakunan haya, gini yana cin gona kowace shekara. Kowa a ƙauyen yana da labarin wani gida da suka ba baƙo aro, aka wayi gari wasu mutane sun zo da igiyar awo, sun kakkafa turaku masu jan fenti. Daga baya aka zuba siminti a kusurwoyi aka rubuta lamba, daga nan sai katanga. Har yanzu suna kotu. Ko yaro a ƙauyen ya san jan turke, ya san simintin kusurwa.

Damina biyu na yi lafiya. Masara, dawa, ɗan wake a tsakani. 'Ya'yana suka yi kumatu, suka fara jin yaren garin. Matata ta koma yin dariya da maƙwabta a bakin rijiyar burtsatse. Ni ma na daina zabura in na ji babur ya wuce.

A damina ta uku suka zo, masara ta kai gwiwa. Su biyu ne: wata yarinya mai hijabi, 'yar Tudun Wada, Hausarta kamar ta gida, da wani dogon saurayi ɗan kudu, jaka a baya, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ba wahala" ba. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, mu ɗalibai ne, shekararmu ta ƙarshe. An ce kowa ya ƙera abu da hannunsa kafin a sallame shi. Mu mun ƙera abin da ke sauraron gona."

"Gona tana magana ne?"

"Tana yi, Baba. Ku ne ba ku da lokacin zama ku ji duka."

Ta buɗe jakar. Akwati ne na roba, bai fi kwanon sha girma ba, da baƙin faranti mai shan rana, da ɗan ido na ɗaukar hoto, da wayoyi masu ƙarfe a baki kamar cokali mai yatsu. Ta ce za a soke yatsun a ƙasa su ji danshi da zafi, idon kuma ya riƙa kallon ganye, akwatin ya aika komai zuwa wayarta ko tana kwance a ɗakinta. Gonar makaranta, in ji ta, ta cika da na wasu, kuma malaminsu ya ce su gwada a gonar manomi ta gaske.

Na ce gonar aro ce, sai na tambayi mai ita. Na je na tambaya. Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ƙarfe zai gaya maka ƙasa yana jin ƙishi? Kai ba ka da ƙafa ne?"

"Sun ce sanda ce, in sun gama su cire."

"Su sa. Sanda ba ya yin saiwa."

Suka kafa bututun ƙarfe a tsakiyar gonar, suka ɗaura akwatin da farantin a sama. Suka ja wayoyin cikin ƙasa zuwa wurare daban-daban. Don kada fartanyata ta datse waya, dogon ya fiƙe 'yan turaku, ya shafa musu fenti, ya kafa a kan kowane wuri. Fentin ja ne. Shi ne ya rage a ɗakin aikinsu, in ji shi. Sannan suka bi gefen gonar, waya a ɗage, suna tsayawa a kowace kusurwa, wai don akwatin ya san girman abin da yake gadi. Wata mata mai ɗauke da itace a kafaɗa ta tsaya a hanya tana kallonsu. Ta daɗe, ba ta yi sallama ba, ta wuce. Na ce a raina mai gona ya yarda, magana ta ƙare.

Abin yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Wata safiya yarinyar ta kira ni.

"Baba, ku duba masarar da ke gabas da ƙarfen, kamar tsutsa ta shiga."

Na je na buɗe tsakiyar ganyen, ga ta nan, ƙanana, ba su riga sun yi ɓarna ba. Na yi feshi da wuri. Da ta zo na ce mata akwatinta ya riga ni gani.

"Ai shi ba ya zuwa kasuwa, Baba, ba ya zuwa ta'aziyya."

"Kuma ba shi da mata."

Dogon ya ga muna dariya shi ma ya yi, bai san me aka ce ba. Yaro ne mai aiki. Yakan zo cikin yayyafi ya lulluɓe akwatin da rigarsa yana gyara waya, shi yana jiƙa. Na fara son yaran. Rabon da wani ya zo wurina don yana buƙatar wani abu nawa, tun garinmu.

Sai ruwa ya yi ƙarfi. Ƙasar gangare ce, in ta jiƙe ba ta riƙe komai. Iska ta kayar da ƙarfen, suka tayar. Ta sake kayarwa, farantin ya tsage a gefe. Dogon ya tsuguna a kansa ya riƙe kai. Yarinyar ta ce in ya fashe gaba ɗaya ba su da wani, kuma malamai za su zo duba aikin kafin a ba su sakamako.

A makon nan zazzaɓi ya kwantar da ƙaramar 'yata, muka kai ta asibiti cikin gari, aka riƙe mu. Da muka dawo na sauke su a ɗaki na wuce gona. Daga nesa na hango ƙarfen a miƙe kamar soja. Na matsa. An haƙa rami a gindinsa an zuba siminti, an yi masa kusurwa huɗu da katako, an shafe sumul. A kan simintin, tun yana ɗanye, an ja wasu haruffa da lambobi da ƙusa. Ba na karatun boko, amma na san abin da ya yi kama da shi. Ga kuma jajayen turaku kewaye.

Na zauna a kan kunya na kira yarinyar.

"Wa ya zuba siminti?"

"Mu ne, Baba. Mun zo ba kwa nan. Yanzu ko guguwa ce ba za ta kayar da shi ba."

"Rubutun fa?"

"Lambar rukuninmu ce kawai, abokin aikina ne ya sa don tarihi." Tana dariya.

"Ku zo ku fasa shi yau."

Ta ce in an motsa shi yanzu awon da suke tarawa zai lalace, shekararsu ce gaba ɗaya, malamai suna tafe mako mai zuwa, in yi musu haƙuri. Na ce mata ba ta san inda take ba. Ta ce, "Baba, ɗan siminti ne fa." A gidansu siminti abin gyaran daɓe ne.

Ban tsaya ba, na nufi gidan tsohon don ya ji daga bakina. Ba ya nan. Ciwon ƙafa ya tashi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa cikin gari. Ɗansa na samu a ƙofa yana wanke babur. Ɗan acaba ne, ƙaƙƙarfa, tun farko bai so aka ba ni ɗaki ba. Na gaishe shi, na fara bayani.

"Na gani," in ji shi, bai ɗago ba. "Na ɗauki hoto ma."

"Yaran makaranta ne. Baba ya sani."

"Baba ya san sanda. Ya san siminti?"

"Ba na nan suka zuba. Zo mu je yanzu in fasa a gabanka."

Sai ya ɗago. "Kada ka taɓa shi, Malam. Ka bar shi yadda yake kowa ya gani. In na je na tarar an fasa, na san ɓoyewa ka yi." Ya matse tsumma. "Da wa kuka gama magana? Mai otal ne ko mai ɗakunan haya?"

Na rantse masa. Ya ce rantsuwata ta can ce, ba ta nan ba.

Na wuce wurin mai unguwa. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa, ya ce maganar ƙasa ta mai ƙasa ce, in jira tsoho ya dawo. Bai ba ni tabarma ba.

Na koma da abu biyu a wuya. In na fasa, na ɓoye shaida, kuma kayan makarantar gwamnati ne, ni ko katin shaida ba ni da shi, ya ƙone tare da gidana. In na bari, kullum yana tsaye yana faɗa wa ƙauye na sayar da ƙasarsu.

Daga nan gaisuwa ta fara bushewa. Wanda da yake tsayawa ya tambayi iyali sai ya ɗaga hannu kawai, washegari ko hannun babu. A bakin rijiya aka riƙa tura jarkokin 'ya'yana baya, har rana ta take ba su ɗebo ba. Maƙwabciyar da ke miƙo wa matata ganyen miya ta kan katanga ta daina. In na doso inda maza ke zaune, Hausa ta ɗauke, a koma yare. Babu wanda ya zage ni. Da ma an zage ni, da na san inda nake.

Na san irin wannan shirun. A garinmu, kafin a ce wane yana kai wa 'yan daji labari, haka ake fara masa. Na ga mutumin da aka daina amsa wa sallama ranar kasuwa, kafin kasuwa ta zagayo an binne shi, kuma har yau babu wanda ya tabbatar ya aikata.

Na ce wa matata ta ƙulle tufafi a zane ɗaya ta ajiye bayan ƙofa. Ta ƙulle, sannan ta ce, "Maigida, mu tafi tun yanzu."

"Masara ta fara goyo."

"A can ma dawa ka tsaya wa."

In mun tashi a lokacin, babu gona, babu hatsi, kuma mun tabbatar musu da abin da suke zato. Na hana yaran zuwa ɗiban ruwa, ni nake zuwa. Addata na tura ƙarƙashin tabarma na daina fita da ita, kada a ce an gan ni da makami. Ina cikin noma sai in ji kamar an tsaya a bayana, in juya, ƙarfen ne kawai da idonsa.

Na sake kiran yarinyar na ce kada su kawo kowa. In dole ne, su fara zuwa wurin mai unguwa su gaisa. Ta ce ta gaya wa malaminsu, ya ce ba komai, in an tambaya za su yi bayani a wurin. Su a ganinsu duk abin da aka yi wa bayani ya mutu. Na nemi lambar 'yar tsohon, babu wanda ya ba ni.

Malaman suka zo da hantsi, a wata doguwar farar mota. Ina cire ciyawa. Suka fito: wani mai babbar riga da tumbi, wani mai malafa, wata mata da lema, wasu riƙe da takardu. Suka taru a kan simintin. Mai malafa ya nuna gabas da hannu, ya nuna yamma. Mai takarda yana rubutawa. Dogon yana bin turaku yana nuna musu ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na kalle su da idon ɗan ƙauyen, na ga abin da kowa zai gani daga kan hanya: masu saye sun zo ganin kaya.

Wata mata ta yi kururuwa daga gonar sama. Wata ta amsa daga nesa. Sannan na ji babura.

Babur ɗaya ba komai ba ne. Amma babura da yawa a lokaci guda, suna tahowa ta hanyar da ba ta mota ba, wannan ƙarar na san ta. Da ita aka shigo garinmu. Fitsari ya kufce mini kaɗan. Na ji ƙafata tana neman kwazazzabo da kanta. Na hana ta, don matata da 'ya'yana suna tsakiyar ƙauyen. In na gudu na amsa laifi, kuma su za a tarar.

'Yan ƙauyen suka kewaye mu. Daga gona aka taso, kowa da abin hannunsa, adda, fartanya, gatari. Mata a baya. Dogon ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, aka buge ta ta faɗa cikin kunya. Mai malafa ya fara Turanci da ƙarfi, yana nuna katin da ke wuyansa. Ƙara hura su ya yi. Direba ya kulle kansa a mota.

Ni na zauna a ƙasa. Na cire hula na ajiye, na ɗora hannuwa a gwiwa, tafi a sama. Abin da na koya a can ke nan. Wanda ke tsaye shi ake sara, wanda ya ruga shi ake bi. Na zaune, wani lokaci akan tsaya a yi masa tambaya.

Ɗan tsohon ya zo kaina. "Ga shi nan. Ya zo ba shi da ko cokali. Mun ba shi ɗaki, mun ba shi ƙasa. Ku tambaye shi su wane ne waɗannan."

Wani ya ɗora mini adda a kafaɗa, a kwance, ba da kaifin ba. Rana ta gasa ta, na ji zafinta ta cikin riga. Ban ɗaga kai na ga fuskarsa ba. Ƙafarsa nake kallo, silifa ɗaya an ɗaure da waya, babban yatsa babu farce. Na yi kalmar shahada a ciki. Abu ɗaya nake jira: wani daga baya, wanda ba ya ganin komai, ya jefo dutse. In dutsen farko ya sauka, babu mai iya tsayar da taro.

"Malam, yi magana mana," in ji wani. "Ko Hausar ta ƙare?"

Na ce, "Masara nake nomawa." Abin da ya fito ke nan.

Yarinyar ce ta shigo tsakiya. Ta ce, "Don Allah iyayena, yayyena, ku saurare ni. Ba awon fili muke yi ba. Ku zo ku gani." Ta durƙusa ta tone gindin wani turke da hannu, ta zaro ƙarfen mai yatsu, ta goge shi a hijabi. Ta ɗaga wayarta. "Kun ga lambar nan? Ta sauka, don babu danshi." Ta soke shi a ƙasa, ta fasa ledar ruwa da haƙori ta zuba. "Yanzu ku duba." Lambar ta hau.

Na gaba suka miƙa wuya. Wani ya ce ta sake. Ta sake. Wani saurayi ya nuna abokinsa ya ce a soka shi a cikin wannan a ga ko burkutun jiya ya bushe. Aka yi dariya, ba kowa ba, amma an yi. Na ji addar ta ɗan yi sauƙi a kafaɗata.

Ɗan tsohon bai yi dariya ba. Ya taka simintin. "Wannan wasan na gani. Wannan fa? Ruwa yake aunawa shi ma? Lambar nan ta wace ce?"

Ta ce don kada iska ta kayar. Ya ce waɗanda suka cinye gonar maƙwabtansu ma cewa suka yi hanya za a gyara. Gunaguni ya sake tashi, addar ta koma yadda take.

Mai babbar rigar ne ya cire hularsa. Dattijo ne, ashe yana jin Hausa. Ya ce, "Jama'a, laifin namu ne. Mun shigo ƙasarku ba mu yi sallama ba. Wannan bawan Allah ya aiko mu je wurin mai unguwa, ba mu je ba. Yanzu a gabanku za a cire." Ya juya ga dogon ya ce ya kwance akwatin. Yaron ya ɗauko abin kwance ƙusa ya hau kwancewa. Da ya sauke, samarin ƙauyen suka sa diga. Ba su bari kowa ya taimaka ba. Suka haƙe simintin gaba ɗaya da ƙarfensa, suka tumɓuke turakun, suka jawo wayoyin kamar ana cire rogo. Masarar da ke kewaye duk aka tattake. Suka ɗauki dunƙulen zuwa ƙauye.

Ban san lokacin da aka ɗauke addar ba. Ina zaune har ƙarar baburan ta ɓace. Yarinyar ta zo ta durƙusa tana kuka.

"Baba, ku yafe mana. Wallahi ba mu sani ba."

"Na sani. Ku tafi."

Ba fushi nake ba. So nake motar ta bar gonar.

Na shiga ƙauye ta bayan gari. Na tarar matata ta sa yaran a ƙuryar ɗaki, ta zauna a bakin ƙofa da taɓarya a cinya.

Da tsohon ya dawo ya aika a kira ni. Yana kan kujerar katako, ƙafa a naɗe, dunƙulen simintin a jingine da bangonsa. Ɗansa yana tsaye. Na tsuguna.

"Baƙona, na ji an sa ka zama a ƙasa."

"An yi, Baba."

"Na san ba ka sayar ba. Kai ko kaza aka ba ka ka sayar, sai ka dawo da shi." Ya yi tari. "Ni na ce su sa sanda. Na faɗa wa mutane."

Na buɗe baki zan yi godiya. Sai ya ci gaba.

"Amma ni yau ne ko gobe. In na tafi, kai da yaran nan ne. Wata rana wani zai zo da takarda, don suna zuwa, ba sa fasawa. Ranar nan ba za a nemi kowa ba sai kai, kuma ba ni nan in ce ƙarya ne. Matarka yana nan, yaranka yana nan." Ya nuna ɗakinmu da haɓa. "Ka girbe abinka, ka tafi da ƙafarka."

Ɗan ya faɗi wata magana mai zafi a yare, na gane so yake mu tashi a ranar. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa, ɗan ya haɗiye sauran maganar.

Ban roƙa ba. Gaskiya ya faɗa, ni ma na riga na hango. Na yi godiya na tashi.

Ban jira masara ta bushe a kara ba. Na karye ta da sauran danshi, rabi ta yi fumfuna a buhu. Dawar ban ga kanta ba, a tsaye na bar ta. Kowace ranar da muka ƙara a ɗakin nan ina jin ta a bayan wuyana.

Daga baya na ji malaman sun koma ƙauyen da goro sun ba da haƙuri, an karɓa. An ce yaran sun ci jarrabawarsu da awon da suka riga suka tara. Yarinyar ta yi ta kirana, wai malaminsu zai nema mini aikin lebura a gonar makaranta, in kawo takarduna. Na ce mata in na samu. An kuma ce ɗan tsohon ya yarda wasu ɗaliban sun kafa irin akwatin a gonar doyarsa. Ƙasarsa ce.

Yanzu ina unguwar Kpakungu cikin Minna, ɗaki ɗaya na haya a bayan wani injin niƙa. Ina tura kurar ruwa. Matata tana soya awara a bakin titi, yaran sun shiga firamare. Ba na noma.